Lemun Sallah Na Gida: Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Haɗa Ta Sha Lafiya

Ranar Hawan Sallah da ta Hawan Bariki, duk hanyar da aka bi a Dutse, daga Garu har cikin sabon gari, za a ga yara da kuloli cike da ƙullin lemo mai sanyi, ja da kore da ruwan ɗorawa. Haka abin yake a gidajen suna da na biki a Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Mai ciki kuwa ta fi kowa jin ƙishi, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Wannan ya sa masu zuwa awon ciki suke yawan tambayar ko ya halatta su sha irin wannan lemo.

Amsar ita ce, lemun tsami da ruwa da ɗan sukari ba sa cutar da mai ciki. Haɗarin yana cikin abubuwa uku da ido ba ya gani: irin ruwan da aka yi amfani da shi, garin da aka zuba don tsami da launi, da yawan sukarin. A gida ne kaɗai uwargida take da iko a kan ukun nan. Darasinmu na wannan fitowa ke nan.

AMFANIN SA GA MAI CIKI

1. Yana sa a sha ruwa. Mai ciki tana bukatar lita 2 zuwa 3 na ruwa a rana, domin jininta yana ƙaruwa da kusan rabi kafin haihuwa, ga kuma ruwan da jariri yake kwance a ciki. Ƙarancin ruwa kan jawo ciwon kai, jiri, taurin bayan gida da ciwon mafitsara. Mata da yawa a lokacin laulayi ba sa son tsurar ruwa, amma idan an ɗiga masa lemun tsami sai ya shiga.

2. Yana taimakon jini. Sinadarin bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, zogale, alayyafo da gero, wanda da shi jiki ke ƙera jini. Shayi da kofi kuwa tare hanyar suke yi. Saboda haka kofin lemo tare da shinkafa da wake ya fi kofin shayi amfani. A lura, lemun tsamin da aka sirka da ruwa mai yawa bitamin ɗinsa kaɗan ne. Lemun zaƙi da gwaiba da garin ƙwallon kuka sun fi shi, shi ya sa muka sa lemun zaƙi a haɗin da ke ƙasa.

3. Yana rage tashin zuciya. A ƙa'idojin kula da masu ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, an ambaci citta cikin abubuwan da za a iya amfani da su don sauƙaƙa laulayi a farkon ciki. Ɗan kaɗan ya isa.

Duk da haka, lemo ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo. Hukumar ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid a kullum.

HAƊARI NA FARKO: RUWA DA ƘANƘARA

A shekarar 2021 an yi annobar amai da gudawa a Nijeriya, inda aka samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ta gurɓataccen ruwa da abinci cutar take shiga, haka ma zazzaɓin taifot.

Akwai wata kuma da ta fi tsananta a kan masu ciki, wato ciwon hanta nau'in E, mai zuwa da shawara. Ga yawancin mutane takan wuce da kanta, amma idan ta kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, tana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Da ta ɓarke a yankin Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, akasarin waɗanda suka rasu masu juna biyu ne. Ita ma ta ruwan sha take yaɗuwa.

Wasu suna ɗauka cewa tsamin lemo yana kashe kowace irin ƙwayar cuta. Gaskiya ne tsami mai ƙarfi yana hana ƙwayar kwalara rayuwa a cikin abinci, amma lemon da aka sirka don sha bai kai wannan ƙarfin ba, kuma akwai cututtukan da tsami ba ya yi musu komai. Wasu kuma suna ganin ƙanƙara ba ta ɗaukar cuta. Sanyi kwantar da ƙwayoyin cuta kawai yake yi, da ƙanƙarar ta narke sai su farfaɗo. Ƙanƙarar da aka saya a kasuwa, ba a san ruwan da aka daskarar ba, ba a kuma san hannu nawa ta bi ba. A jera ta a kewayen gorar lemo cikin kula, kada a jefa ta a ciki.

HAƊARI NA BIYU: ƊAN TSAMI, KALA DA FILEBO NA AWO

A watan Maris na 2021, daf da azumi, ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano bayan sun sha lemon haɗi. Sun zo da amai da jiri da fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Binciken Hukumar NAFDAC ya gano cewa an sayar da wani sinadarin masana'antu mai guba da sunan ɗan tsami, an kuma kama garin lemo da wa'adinsa ya wuce.

Ɗan tsami na gaskiya, wanda aka tanada don abinci, ba guba ba ne. Matsalar ita ce farin gari ne kamar kowane farin gari. Idan aka buɗe buhu aka ƙulla shi a leda, babu suna, babu lambar rajista, babu ranar ƙarewar wa'adi, to mai saye da mai sayarwa duk babu wanda zai iya rantsewa a kan abin da ke ciki. Daga manyan kasuwannin Kano ake saro yawancin irin waɗannan kaya zuwa garuruwanmu, don haka darasin namu ne. Lemun tsami ɗanye ba a yin jabunsa. Shi za a nema.

HAƊARI NA UKU: SUKARI

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, idan ma ya tsaya a 6 ya fi. Wannan lissafi ya haɗa da sukarin shayi, na kunu, na fura, da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Kwalba ɗaya ta lemon kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9.

Ciki da kansa yana sa jiki ya rage iya sarrafa sukari, shi ya sa wasu mata suke gamuwa da ciwon suga na lokacin goyon ciki, alhali da can ba su da shi. Idan ba a kula ba, jariri kan yi girman da zai wahalar da naƙuda har a kai ga tiyata, sukarin jininsa kuma ya faɗi bayan an haife shi. Ana yin gwajin ne tsakanin mako na 24 da na 28. Wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko mai ƙiba, ko wadda ake ciwon suga a gidansu, ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko.

YADDA AKE HAƊAWA

Kayan haɗi, na kofi 8 zuwa 10:

• Ruwa lita 2
• Lemun tsami 8, masu laushin ɓawo da nauyi a hannu
• Lemun zaƙi 4
• Kankana yanka 2 manya
• Ɗanyar citta, tsawon gaɓar ɗan yatsa
• Ganyen na'ana'a kaɗan
• Sukari cokalin cin abinci 4, a shafe ba a tula ba

1. Ki wanke hannuwanki da sabulu. Ki wanke wuƙa, faranti, rariya da mazubi da ruwa mai tsabta.

2. Ki ɗora ruwan a wuta har ya tafasa yana juyawa na tsawon minti ɗaya cur. Idan maganin tsarkake ruwa irin su WaterGuard za ki sa, ki bi awon da ke jikin kwalbar, ki jira minti 30.

3. Ki ɗebi kofi ɗaya daga ruwan zafin, ki zuba sukari da cittar da kika daddaka da na'ana'a. Ki rufe na minti 10, sannan ki tace. Wannan shi ne sirrin masu lemon biki: sukarin da ya narke a ruwan zafi yana gauraya ko'ina, ba ya kwanciya a ƙasa, don haka kaɗan yake isa.

4. Ki bar sauran ruwan a rufe ya huce sarai. Zafi yana lalata bitamin C, kuma lemun tsamin da ya ji wuta ɗaci yake yi.

5. Ki wanke lemon da kankanar kafin yanka, domin wuƙa takan ja dattin bayan ɓawo zuwa ciki. Ki murza kowane lemo a kan faranti da tafin hannu, ruwansa zai fi fita. Ki matse, ki tace 'ya'yan.

6. Ki cire 'ya'yan kankana, ki niƙa ko ki dama da ludayi, ki tace. Ita ce za ta ba lemon jan launin da yara suke so, babu ruwanki da kala.

7. Ki haɗa duka, ki motsa, ki ɗanɗana. Idan tsami ya yi yawa, ruwa za ki ƙara, kada ki ƙara sukari.

A wannan awo, sukarin da kika zuba bai wuce cokalin shayi ɗaya da rabi a kowane kofi ba. Mai son dabino tana iya jiƙa guda 6 zuwa 8 na Dutse ko na kasuwar Shuwarin a ruwan zafin, ta dama ta tace a madadin sukari. Yana ba da ƙamshi da kauri, amma a tuna shi ma zaƙi ne.

AJIYA

A zuba a kwalba ko roba mai murfi wadda aka yi don abinci. Tsami yana cin tukunyar dalma da bokitin ƙarfe. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur ba ta wankuwa har abada. Idan babu firji, a haɗa daidai wanda za a shanye cikin awa biyu, saboda kankana tana saurin lalacewa da zafi. A firji yana kwana ɗaya, in wuta ta tsaya. A tsiyaya a kofi, kada kowa ya tsoma moɗa.

TAMBAYOYIN DA AKE YAWAN YI

Lemun tsami yana zubar da ciki? Wanda ake sawa a abin sha ko a abinci ba ya zubar da ciki, ba ya kuma hana ɗaukarsa. Abin gudu shi ne shan zallarsa da yawa, ko haɗa shi da kanwa ko wasu jiƙe-jiƙe.

Zobo fa? Jigawa gidan zobo ce, amma sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi, da kuma yadda yake sauke bugun jini, sun sa likitoci da yawa suna ba masu ciki shawarar su dakata da shi, musamman a watanni ukun farko.

Ina fama da ƙwannafi. Ki ƙara sirkawa, ki sha kaɗan-kaɗan tare da abinci, kada ki sha daf da kwanciya. Idan yana tayar miki da shi, ki bari.

Haƙora fa? Tsami yana cin farin haƙori. Ki kurkure baki da ruwa bayan sha, ki jinkirta asuwaki ko buroshi na rabin awa.

An ce ina da ciwon suga na ciki. Ki matsa rabin lemun tsami a kofin ruwa, babu sukari, babu zuma, babu dabino, sannan ki bi tsarin abincin da aka ba ki.

Zan iya ɗiga wa jariri? A'a. Daga haihuwa zuwa wata 6 nono zalla ne, ko ruwa ba a ba shi. Zuma kuwa sai ya cika shekara ɗaya.

Yana maganin gudawa? A'a. Mai gudawa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi take bukata. Idan babu, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a kama hanyar asibiti.

A GARZAYO ASIBITI IDAN AN GA:

• Gudawa kamar ruwan shinkafa, ko aman da ba ya tsayawa
• Idanu sun yi ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi ja ko baƙi
• Ƙishi mai tsanani da yawan fitsari da kasala
• Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi
• Zubar jini, ko jariri ya rage motsi

Idan mutum biyu ko fiye suka kwanta bayan sun sha abu ɗaya, a taho da ragowar abin shan da ledar garin da aka haɗa shi da shi.

KIRA GA MAIGIDA DA IYAYE

Maigida, idan za ka yi cefanen Sallah, ka sa lemun tsami da lemun zaƙi da kankana a lissafi, ka kuma tanadi itace ko gawayin tafasa ruwa. Kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Iyayenmu da surukai, idan mai ciki ta ƙi karɓar ƙullin lemo a gidan biki, kada a ɗauka girman kai ne, umarnin ma'aikatan lafiya take bi. Ke kuma uwargida, ki cika gorarki tun daga gida kafin ki fita kallon hawa, ki nemi inuwa, ki guji turmutsutsu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya raba lafiya, Ya kai mu Sallah da rai da lafiya.