Mabuɗin Sirri na Ƙananan Na'urori

Ɗalibai, akwai ƙananan na'urori da ake bazawa a gona ko daji su auna zafi da laima, suna aika wa juna saƙo ta iska. Kowa na iya tare saƙon, don haka ake kulle shi da mabuɗi, wato lambar sirri.

In mabuɗinsu ɗaya ne, ɓarawo ya sace na'ura guda, asirin duka ya tonu.

A 2002, Eschenauer da Gligor a Amurka suka kawo dabara: a tara mabuɗai masu yawa, a ɗebar wa kowace na'ura kaɗan ba tare da zaɓe ba. Maƙwabta biyu masu mabuɗi iri ɗaya sai su yi magana da shi. In babu, ta uku ta haɗa su. Wanda ya sace guda, mabuɗai kaɗan zai samu.