Me zan dasa a tsakar gida da zai tsallake bazara?

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Dumega, gundumar Tibiri, jihar Doso. Mun tare a sabon gida, tsakar gidan fayau take, babu ko inuwar da za a shimfiɗa tabarma. Bara maigida ya kawo mini furanni a leda daga Yamai, suka yi kyau da damina, amma kafin Afrilu ya ƙare duk sun ƙone. Ina son abin da zan dasa sau ɗaya ya zauna shekara da shekaru. Me zan zaɓa, kuma yaushe zan dasa?

AMSA: Malama, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a.

Kafin mu zo kan sunayen itatuwa, ki fara yi wa kanki wannan tambaya: jarka nawa ta ruwa zan iya ware wa shuka a kowane mako cikin Afrilu da Mayu? Amsarki ita ce za ta yi miki zaɓi. Da damina kowace shuka kyakkyawa ce. Ruwan da yankinku na Arewa ke samu bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watanni takwas ke ce ruwan saman abin da kika dasa, ga iskar hunturu mai busar da ganye, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Furannin da aka kawo miki sun taso ne a ƙarƙashin rumfa, ana ba su ruwa safe da yamma. Ba su san ranar Dumega ba.

Kuna da gata guda. Garinku yana cikin yankin Dallol Mawri, inda ruwan ƙasa ba ya da nisa a wuraren fadama, shi ya sa rake da rogo da mangwaro suke yi a can. To amma ki duba inda gidanki ya faɗa. In kusa da fadama yake, itacen da ya yi shekara biyu ko uku yana iya kai saiwarsa ga laima, ya sauƙaƙa miki ban ruwa. In a kan jigawa ko fako yake, sai ki rage buri, ki tsaya ga masu jure ƙishi.

Inuwa ce kukanki na farko, don haka mu fara da ita. Babu abin da ya kai darbejiya, wato dogon yaro, sauri da juriya. Asalinta daga Indiya take, amma ta zama ƴar gida, kuma tana riƙe ganyenta a lokacin da aka fi bukatarsa. Guda ɗaya ta isa tsakar gida. Ki sa ta ta yamma, don ranar la'asar ce take dafa ɗaki. Ki nisanta ta da katanga da rijiya da masai da aƙalla mita 5, saboda saiwarta tana bin laima, tana kuma tsaga gini. In kina da ruwa wadatacce, ni na fi son ki ba mangwaro mai aure wannan wurin: ga inuwa mai sanyi, ga ƴaƴa cikin shekara 3 zuwa 4, alhali wanda aka shuka daga ƙwallo yana iya kai shekara 6 ko fiye kafin ya haihu. Sai dai mangwaro ba ya yafe sakaci a bazararsa ta farko da ta biyu.

Daga nan sai abin miya, kuma nan ne nake ganin macen gida ta fi cin riba. Zogale shi ne kan gaba. Ki shuka irinsa kai tsaye a inda kike son ya zauna, ƙwaya biyu a rami, ki bar mai ƙarfi. Idan ya kai ƙugunki ki yanke kansa, kada tausayi ya hana ki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka bari ya miƙe zai zama dogon sanda mai ganye a can sama, kuma guguwar farkon damina, da take tasowa daga gabas, tana karya shi cikin sauƙi. Wanda ake yi wa aski kuwa rassa yake yi, ganye yana kusa da hannu, kwaɗo ba ya yankewa a gidan. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Shuwaka ma reshenta kawai ake kafawa da damina ta kama. Lalle kuma ki jera shi a gindin katanga, ya zama shinge, ki riƙa tsinka ki daka abinki.

Akwai magarya mai aure da ake kira Pomme du Sahel, wadda cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aikin yaɗawa. Gindinta magaryarmu ce ta daji, kanta kuwa iri ne mai manyan ƴaƴa da ake ci ɗanye. Tana jure fari fiye da lemu da gwaba, tana kuma haihuwa da wuri. Ki lura da tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren, ki riƙa cire shi, in ba haka ba magaryar dajin ce za ta rinjaya. Yaran unguwa za su dame ki a kanta, amma hadisi ya tabbata cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi.

Lemun tsami da gwanda na wurin alwala ne, inda ruwa ke zuba kullum. Gwanda ba ta daɗewa, shekara 3 ko 4 ne, kuma akwai namijinta da ba ya ƴaƴa, don haka uku ake dasawa a zaɓa.

Ban manta da furanni ba, don ido ma yana da hakki. Buganbil, mai furen nan kamar takarda da kike gani a katangun Yamai, yana son rana tsantsa, kuma idan ya kafu ƙarancin ruwa ma ƙara masa fure yake yi. Kariya tamu ce ta Sahel, da rani take fure, tana zama a tsohuwar tukunya da ruwa kaɗan. Amma ruwan jikinta dafi ne, haka ma ƴaƴan bini-da-zugu. In akwai ƙananan yara a gidan, ki ɗaga kariyar inda hannu ba ya kai, bini-da-zugun kuma ki haƙura da shi. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya da ciyawar shayi ki sa su a fasasshen tulu ko tsohon bokiti da kika huda gindinsa, ki ajiye inda ranar safe kawai ke samu.

Batun lokaci kuwa: tun 1975 Nijar take bikin dashen itace ranar 3 ga Agusta, kuma al'ada ce mai kyau. Amma ke kada ki jira ta. Wanda aka dasa a Agusta ruwan mako shida ko bakwai kawai zai sha kafin damina ta ɗauke. Ki dasa da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, da yamma, bayan an yi ruwa.

Ramin kuwa tun Mayu ake haƙa shi, kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, na mangwaro ya ɗan fi haka. Ki gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ki yanke ledar ki cire ta gaba ɗaya ba tare da kin fasa ƙasar da ke riƙe da saiwar ba, ki binne daidai inda ƙasar ledar ta tsaya, sannan ki yi masa ɗan kwari a kewaye don ruwa ya tsaya. Ranar da kika dasa, ranar za ki kewaye shi da ƙaya ko tubali. Akuya ɗaya tana gama aikin shekara cikin minti biyar.

Da rani, bokiti guda sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke ƙona ta. Ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ki bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara. In rairayinku yana shanye ruwa da sauri, ki binne tulun ƙasa a gefe har wuya, ki cika shi ki rufe bakinsa. Zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna yi, amma ban da mai omo da yawa.

Bana kada ki wuce huɗu: itacen inuwa ɗaya, zogale, lalle, da buganbil guda a bakin ƙofa. Ki nemi dashen a wurin masu renon itace na kusa da ku ko ma'aikatan gandun daji na Tibiri ko Dogon Dutsi, don wanda ya taso a iskarku ya fi kamawa. In sun tsallake bazara, ki sake rubuto mana ki faɗi ko gidan a jigawa yake ko a fadama, sai mu duba abin da za ki ƙara.