Saniyar Dubai da Saniyar Rugarmu

'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sarin kaya da yawa sun sha madarar Al Rawabi, amma ba kowa ya tambayi inda saniyar take ba. Tana can Al Khawaneej, bayan gari, cikin rairayi. An kafa gonar Al Rawabi a 1989 da shanu 500 da aka shigo da su daga waje, irin nan masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, 'yan asalin ƙasar Holan, da ake kira Firisiyan.

Wannan saniya 'yar ƙasar sanyi ce, ga shi kuwa zafin Dubai yakan haura digiri 45. To, yaya take rayuwa? A ƙarƙashin rumfa take wuni, manyan fankoki na kaɗa mata iska, ana fesa mata ruwa kamar yayyafi. Harawar ma yawancinta a jirgin ruwa ake kawo ta. Kuɗi ne ke riƙe da ita. Ran da fanka ta tsaya, nono zai ja baya tun kafin a gama neman mai gyara.

Saboda haka duk makiyayin da ya ga hotonta ya ce shi ma tsantsarta yake so, ya dakata tukuna. Kaska da sammore da doguwar tafiya zuwa mashaya ba za su bar ta ta yi ƙarko ba. Abin da ya dace da mu shi ne ruwa biyu. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, an daɗe ana haɗa Firisiyan da farar saniyarmu Bunaji, sau da yawa ta hanyar barbarar allura. Karsanar da aka haifa takan ɗauko yawan nono daga uba, ta gaji jurewa rana da cuta daga uwa. Amma a kula, in aka yi ta maimaita bijimin waje har jinin Bunaji ya kusa ƙarewa, an koma gidan jiya. Kuma ruwa biyun ma sai da dusa da ƙulin auduga da inuwa, don iri ba ya maganin yunwa.

Kajin nama su ma haɗin iri ne. Tushensu kajin Cornish da farar Plymouth Rock, kuma cikin mako shida kaza takan kai kilo biyu. Sai dai kamfanoni ne ke riƙe da iyayen. Wanda ya ajiye zakara da kaza daga cikin kajin naman don su yi masa 'yan tsaki ya yi asarar abinci, domin 'ya'yan ba za su fito daidai da iyayensu ba.

Jama'a, kafin ku sayi bijimi ko ku kira mai allura, ku fara zuwa wurin malamin dabbobi na yankinku, ku gaya masa yawan abinci da ruwan da kuke da shi da rani.