Kafin ka ɗauki hanyar Yamai da motar lantarki

Ɗana, na ji hankalinka ya karkata ga motar lantarki, har ka fara tambayar kuɗinta. Ban ga laifinka ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kwalaben ƴan ruwa-ruwa da muka saba saye da araha a bakin titin Ƙonni suka daina zama abin dogaro. Kuma zancen motar lantarki bai yi nisa da mu ba. Nan kusa a Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a 2021, lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yana shugabantar hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya. Mu ma ga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Rana kam Allah ya hore mana.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lambar nan da mai sayarwa zai nuna maka a takarda. Ɗauki Hyundai Kona da aka haɗa a Legas: an ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 482. Daga Ƙonni zuwa Yamai wajen kilomita 420 ne. Nan take zuciyarka za ta ce maka ai har da saura. To, ka san inda aka samo lambar? A ɗakin gwaji ne, mota tana gudu a wuri ɗaya bisa na'ura, zafin ɗakin digiri 23, na'urar sanyi a kashe, matsakaicin gudun bai kai kilomita 47 a awa ba. Babu ƙarya a ciki, sai dai ba a hanyarmu aka auna ta ba.

Babban mai cin batir shi ne gudu. Iskar da mota take ketawa tana tokare ta, kuma tokarewar ba ta ƙaruwa daidai da gudunka: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Ko daga 90 ka hau 120, ta kusa ninkawa. Na san kwalta in ta miƙe bayan Dogon Dutsi, ba kowa gaba ba kowa baya, ƙafar yaro ƙaiƙayi take. Amma rabin awar da kake ganin ka ci, ita ce za ta zaunar da kai awowi a wani ƙauye kana neman inda za ka jona waya. Sannu ba ta hana zuwa. Ka tsaya tsakanin 80 da 90, ka bar masu gaggawa su wuce ka.

Ga kuma iskar hunturu, wadda take taho mana daga arewa maso gabas. Mai zuwa Tawa ko Maraɗi a watan Janairu gaba da gaba yake yi da ita, mota na jin iskar kamar an ƙara mata gudu, alhali allurar ba ta motsa ba. A dawowa kuma sai ta tura ka. Don haka kada ka auna tafiya da abin da ka gani a komowa.

Bazara ce ta fi damuna. Batirin lithium ya fi son yanayin da jikin mutum yake jin daɗinsa, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 tun kafin azahar. Daga batir ɗin nan guda motar za ta sanyaya ka, ta kuma sanyaya kanta. Ba na ce ka kashe na'urar sanyi ka gasa iyalinka ba, sauke gilashi a babban gudu ma cin wuta yake. Ka dai yi sammako bayan asuba. Ka ajiye ta a inuwa, ko ta darbejiya ce. In tana jone da wuta, ka kunna sanyin tun kafin ka cire waya, ta huce da wutar gida. Zafi kuma ba tafiyar yini kaɗai yake ragewa ba, tsufar da batir yake, musamman in an cika shi fal aka bar shi a rana. A zirga-zirgar yau da kullum, caji ya tsaya wajen kashi 80 cikin 100, kada kuma ya riƙa faɗuwa ƙasa da 20.

Kaya fa? Na san ba za ka wuce Galmi ba sai an ce maka ga buhun albasa ka kai wa gwaggonka. Ka sa shi ciki. Wanda aka ɗaure a saman mota nauyi ne, kuma bango ne ga iska. Taya in ta yi laushi ita ma ɓarauniya ce, ka riƙa leƙa mai faci ya auna maka da safe tun tana da sanyi. Hanyar burji da rairayin ƙauyukan Illela, da taɓon damina a kwarin Maggiya, lissafinsu daban ne, ka ninka tanadi.

Akwai inda motar lantarki za ta faranta maka. Motar fetur cikin gari take shan mai, wannan kuwa cikin gari take hutawa. In ka ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan koma yana mayar da wuta cikin batir. Direban da ya hango shingen jami'ai a Tsarnawa ko garken shanu tun daga nesa, ya saki totur ya gangara a hankali, ya sami ribar da mai fizga da taka birki bai samu ba. Haka ma gangaren tuddan Adar, ko da yake ba ya taɓa mayar da duk abin da hawan ya ci.

Sai ka tuna matafiyin da salkarsa ta ƙare ba ya aron ruwa wurin rairayi. Fetur in ya yanke maka, yaro zai hau kabu-kabu ya kawo jarka. Wuta ba ta shiga jarka. Soket ɗin gida yana ba da abin da bai wuce kilowat 2 da ɗan wani abu ba, batirin Kona kuwa sai ya kusa awa 30 kafin ya cika da shi. Ba ka manta watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wa kamfanin lantarkinmu NIGELEC wuta, garuruwa suka yi ta kwana cikin duhu. Kafin ka bar gida, ka san gidan wa za ka jona a Dogon Dutsi ko Doso, ka kira ka ji ko akwai wuta.

In Allah ya nufa ka saya, kada Yamai ta zama tafiyarka ta farko. Je ka Malbaza ka dawo, sannan Madawa, sannan Tawa. Ka ajiye ɗan littafi a mota, kana rubuta kashi nawa ka tashi da shi, nawa ka isa da shi, mutum nawa ka ɗauka, wane wata ne, iska daga ina take. Ka yi haka a hunturu, ka sake a bazara. Ranar da za ka nufi Yamai, da mafi ƙanƙantar lambar littafin za ka yi lissafi, ka kuma bar kashi 20 da ba za ka taɓa ba. Ka gaida mahaifiyarka.