Alherin da Ke Gyara Mudu

Karatu: Luka 19:1-10

Yesu bai jira Zakka ya gyara halinsa kafin ya sauka a gidansa ba. Alheri ne ya fara shiga. Amma bai bar mai karɓar harajin nan yadda ya same shi ba: Zakka ya ɗauki alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Tsarki ba ya sayen ceto, amma wanda ya sami ceto, a mudunsa ake ganewa. Akwai haƙƙin wani a hannunka? Ka mayar a makon nan.

Addu'a: Ya Uba, tsarkake hannuwana ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, cikin sunan Yesu. Amin.