Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Gyara Jijiyar Wuya Ta Cinya?

Tambaya: Watanni biyu da suka wuce an soki ƙanena da wuƙa a ƙarƙashin muƙamuƙi, aka ɗinke, ya warke. Yanzu wani ƙulli ya fito a wurin, yana bugawa kamar zuciya. Likita ya ce ana iya gyara jijiyar ta cinya ba tare da an tsaga wuyan ba. Ina cinya, ina wuya? Daga wani mai karatu a Zangon Dapaong, Togo.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Malam, likitan gaskiya ya faɗa maka. Jijiyoyin jini haɗe suke kamar hanyoyin mota, wanda ya shiga babbar jijiyar gindin cinya zai iya bi har wuya. Wani likita ɗan Suwidin, Seldinger, shi ya fito da dabarar shiga jijiya da allura da siririyar waya a 1953. A 1964 kuma Charles Dotter na Amurka ya fara buɗe toshewar jijiya ta ciki.

Ƙullin da ka bayyana ya yi kama da abin da ke faruwa idan wuƙa ta huda bangon jijiya, jini yana ɓulɓulowa yana taruwa a wata jaka kusa da ita. Kada a matsa shi, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Yana iya fashewa, ko gudan jini ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ga yadda aikin yake. Ana zura siririn bututu ta cinya, a tura ruwan magani mai fitowa a hoto, likita yana kallon allo har ya gano hudar. Idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce, sai a saka wata ƙaramar raga mai rufi, ta buɗe ta manne a bango kamar faci a cikin tayar keke, jini ya ci gaba da wucewa. Idan ƙaramin reshe ne da jiki zai iya haƙura da shi, sai a toshe shi da murɗaɗɗun wayoyi. Wanda aka saka wa raga yakan yi watanni yana shan maganin hana jini daskarewa, irin su asfirin.

Likitoci sun kasa wuya kashi 3. Tsakiyarsa hannun mai tiyata na isa cikin sauƙi. Amma can ƙasa bayan ƙashin ƙirji, da can sama tsakanin muƙamuƙi da gindin ƙoƙon kai, ƙashi ya tare hanya. A nan ne bin ta cinya ya fi amfani.

Sai dai aikin na mai ciwon da jikinsa ya natsu ne, kuma yana buƙatar na'ura da ƙwararrun da ba kowane asibiti ke da su ba. Daga Dapaong zuwa Lome ya haura kilomita 600. Wanda jini ke tsartuwa daga wuyansa ba zai jira wannan tafiya ba. A danne raunin da tsumma mai tsabta, kada a zare wuƙar idan tana ciki, kada a ɗaure wuyan zagaye, a kwantar da shi, a garzaya babban asibitin yanki na Dapaong. A Afirka ta Kudu, likitocin asibitin Groote Schuur sun saba tsayar da irin wannan jini da robar fitsari, su zura ta cikin raunin su hura ƙwallon bakinta kafin a shiga tiyata.

Shi kuwa ƙanenka, ku koma wurin likitan cikin makon nan, ku nemi takardar tura shi inda za a ɗauki hoton jijiyoyin wuyan. Idan ƙullin ya ƙaru, ko murya ta dishe, ko hannu ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ku tafi asibiti nan take, ko da dare ne kada ku bari gari ya waye.