Wasiƙa ga Matasan Kabi a kan Shinkafa da Buhunta

'Ya'yana samari da 'yan matan Argungu,

Kwanan baya na je wani biki, aka kawo mana dafa-duka. Uwar amarya ta sunkuyo ta raɗa mini, "Hajiya, 'yar waje ce fa." Da na leƙa madafa sai na ga buhun jingine da bango, ga rubutun Tailan, amma bakinsa ya sha ɗinki sau biyu. Ƙwayar kuwa na san ta tun ina yarinya, ta fadamarmu ce. Baiwar Allah ta biya kuɗin buhu, aka ba ta shinkafar garinsu.

Kada ku yi mata dariya. Mu da muka zauna da faifai muna tsince tsakuwa, muka rege 'yar gida a ƙwarya har sau uku, mun san abin da ya ɗaukaka 'yar waje: wanki ɗaya sai tukunya. Sunanta da gaskiyarsa ya fara. Daga baya ne ya koma ma'aunin mai hali, har gara ba ta cika sai da ita.

To, zamani ya juya. A Disambar 2016 aka fito da Lake Rice, haɗin gwiwar jihohin Legas da Kebbi, mutanen Ikko suka yi layi suna sayen noman iyayenku. A 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a nan Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi. Inji ya fid da tsakuwa. Abin da ya rage tsakaninmu da 'yar gida tsohuwar kunya ce kawai.

Ku masu tallar haja a WhatsApp, ku nake ji. Garin da tun 1934 ake zuwa kallon kamun kifinsa a kogin Matan Fada, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, ba ya bukatar aron suna. Ku rubuta Argungu a buhunku, ku cika awo, ku tabbatar buhu na goma bai bambanta da na farko ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuya, kuma shi ne mai dawo da mai saye.

In kuma saye za ku yi, a kwance muku bakin buhu. Ku zura hannu har wuyansa, ku ɗebo daga tsakiya, ku shinshina, ku duba yawan karyayya a tafin hannu, kafin ku tambayi kuɗi.

Uwarku, daga Argungu.